Jar Tawada da Baƙa: Daga Alƙahira Zuwa Luksor a Watan Amshir

A wani shagon shayi da ke bayan Masallacin Azhar na fara lura da abin. Kalanda ce rataye a ƙusa, irin wadda ake yage mata takarda guda kowace safiya, amma kwanan wata uku ne a jikinta. Na Hijira na gane shi, Sha'aban ne bai daɗe da kamawa ba. Na Bature ma na gane, farkon Fabrairu. Na ukun yana can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, an rubuta "Ɗuba". Na taɓa ɗan ƙanwata, wanda shekararsa ta huɗu ke nan yana karatu a Azhar, na ce masa wannan fa?

"Kawu, lissafin Ƙibɗawa ne, Kiristocin Masar. Har a goshin jaridar Al-Ahram ana buga shi."

Mai shayin dattijo ne, mutumin Kudancin Masar, ashe yana jin mu. Ya ajiye tire ya ce, "Ya Hajji, ai lissafin manomi ne." Ya ce mahaifinsa Musulmi ne mai riƙon addini, amma bai taɓa shuka alkama da lissafin Muharram ko Nuwamba ba, sai da Hatur, domin wanda shukar Hatur ta wuce shi sai ya jira shekara ta zagayo. Ya dube ni na ƙudundune cikin rigar sanyi, ya ce Ɗuba ke nan, mai mai da budurwa tsohuwa tukuf. Ya ce in jira kwana biyu zuwa uku, Amshir na tafe, uban guguwa, mai ɗaukar tsohuwa ya tashi da ita sama.

Waɗannan sunaye ba Larabci ba ne. Sun girmi zuwan Musulunci Masar, sun girmi Kiristanci. Tun zamanin fir'aunoni ake kiran su, kuma yawancinsu sunayen bukukuwa ne.

Ni malamin labarin ƙasa ne, kuma tun ina yaro maganar kwanaki ke ja na. Kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta, ba ta yarda kowa ya yi tafiya ranar Larabgana, wato Larabar ƙarshen Safar. Ba wanki, ba kitso, sai dai ta aika a karɓo rubutu a ba mu mu sha. Da muka girma muka karanta hadisin da ya kore camfi da tsuntsu da camfin Safar, muka daina. Amma ban taɓa manta yadda take tsayawa a bakin zaure tana ƙirga mu ba. Shi ya sa da na ji cewa mutanen Masar na dā suna da littafi sukutum wanda ya bi kwanakin shekara ɗaya bayan ɗaya yana cewa wannan mai kyau ce, waccan muguwa ce, sai na ƙudurta cewa idan Allah ya kai ni ƙasar sai na bi sawunsa.

Ɗan ƙanwata ya haɗa ni da wani Bamisire da ya karanta ilimin kayan tarihi, yanzu yana zagayawa da baƙi. Muka haɗu a tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir, jan ginin nan da aka buɗe a 1902. Bayan mun gaji da zagaye muka zauna a farfajiya, ya zaro wasu takardu daga jakarsa, hotunan shafukan littafin da Abdul Muhsin Bakir ya wallafa a 1966. Littafin ya ƙunshi hoto da fassarar wata takardar bardi, irin wadda suke yi da ciyawar bakin kogi, mai lamba 86637 a rajistar gidan tarihin. Ita ake kira Kalandar Alƙahira. An rubuta ta a zamanin su Ramsis, wajen shekara 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tana da 'yar'uwa a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan, wadda ake kira Sallier ta huɗu.

Ya sa yatsa a kan layi ɗaya. Kowace rana an raba ta uku, kamar a ce safiya, tsakar rana da maraice, kuma kowane kashi da hukuncinsa. Idan mai kyau ne sai a rubuta "nefer" da baƙar tawada. Idan mugu ne sai a zana hannaye biyu, ɗaya riƙe da garkuwa ɗaya da kulki, alamar faɗa, kuma da jar tawada. Wata ranar baƙi uku ne jere, lafiya lau daga safe har dare. Wata ja uku. Wata kuma gauraye, safiya da kyau, maraice a yi hattara. Ko wanda bai iya karatun ba, idan ya buɗe takardar ya ga ja ya san a yau sai a hankali.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kowace rana da dalilinta, kuma dalilin labari ne daga tatsuniyoyin gumakansu. Ranar 26 ga watan farko ja ce gaba ɗaya, an ce kada a yi komai, domin a ranar ce Horus da Set suka yi faɗa har suka rikiɗa dorina suka nutse cikin ruwa. Ranar 17 ga wata na uku ranar kuka ce, Isis da Neftis suna makokin ɗan'uwansu Osiris. Fiye da shekara dubu bayan haka, marubucin Girka Plutarch ya ambaci wannan ranar dai, 17 ga Hatur, a matsayin ranar mutuwar Osiris. A wurinsu abin da ya faru tun fil azal bai wuce ba, duk shekara idan ranar ta zagayo sai ta dawo da halinta.

Sai kuma hane-hane. Yau kada ka ci kifi. Yau kada ka fita daga gida. Yau kada ka kunna wuta. Yau kada ka shiga jirgin ruwa. Akwai ranar da aka ce kada ka dubi ɓera, akwai wadda aka ce kada ka ambaci sunan Set, in ba haka ba rigima ba za ta bar gidanka ba. Har da makomar jarirai: wanda aka haifa rana kaza kada ce za ta ci shi, na rana kaza maciji, na rana kaza buguwa, na rana kaza kuwa zai mutu da tsufa cikin mutunci. Herodotus, wanda ya ziyarci Masar wajen shekara 450 kafin Miladiyya, ya rubuta cewa su ne suka gano kowace rana ta wane abin bauta ce, da abin da zai sami wanda aka haifa a cikinta.

Na yi shiru a kan layin kadar. Na tuna uwa ce ta haifi wannan yaron, kuma a bakin kogi suke zaune, daga shi suke sha, a cikinsa suke wanki. Yaya za ta yi duk ranar da ya ce zai je kamun kifi? Tausayi ne ya kama ni.

Washegari muka je tsibirin Rauda ganin ma'aunin ruwan Nilu. Rijiya ce mai matakala, da ginshiƙin marmara a tsakiya wanda aka yi wa zane kamu-kamu, an gina ta a 861 zamanin Halifa Mutawakkil. Kamu 16 shi ne abin nema. Ƙasa da haka sosai yunwa, sama da haka sosai ɓarna. A can ƙasan rijiyar, inda sanyi ke tasowa daga dutse, na fahimci inda kalandar ta samo asali. Ruwan sama ba ya noma a Masar. Damina a tsaunukan Habasha take sauka, ruwan ya gangaro ya cika kogi, a dā har ya malale gonaki ya bar musu baƙar laka. Saboda haka suka raba shekara uku: Akhet lokacin cikowa, Peret lokacin da ƙasa ta fito aka yi shuka, Shemu lokacin girbi da zafi. Kowanne wata huɗu, kowane wata kwana 30, makonsu kuwa kwana 10 ne. Ya zama 360, sai suka ɗora kwana biyar a kai.

Jirgin ƙasan dare muka hau zuwa Luksor, tafiyar kusan awa goma. Gari na wayewa na ga rake ko'ina, ana sara ana lodawa, jakuna na jan amalanke cike da ciyawar barsim. Amshir ya riga ya kama, kuma dattijon nan bai yi ƙarya ba. Muna sauka iska ta taso da ƙura har cikin haƙora.

A Karnak, babban gidan bautar dā da ke Luksor, jagoranmu bai tsaya da mu wajen manyan ginshiƙan da kowa ke ɗaukar hoto ba. Ya ja mu arewa, ta wata 'yar hanya cikin ƙaiƙayi da duwatsu, zuwa ƙaramin gidan bautar Ptah. Mai gadi ya buɗe wata ƙofa. Ɗaki ne ƙarami mai duhu, da 'yar kafa a rufi. Sai da idona ya saba sannan na gan ta tsaye: baƙin dutse, jikin mace, kan zakanya, hasken kafar ya sauko mata a fuska. Sekhmet ke nan. Ni Musulmi ne, na san dutse ne ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, amma na gane abin da wanda ya sassaƙa ta yake so mai shigowa ya ji.

A nan ya ba mu labarin kwanaki biyar ɗin. Suna kiran su "biyar da ke bisa shekara", domin ba sa cikin kowane wata. Plutarch ya kawo tatsuniyarsu: an la'anci Nut, sararin sama, cewa ba za ta haihu a kowace rana ta shekara ba, sai Tot, wani daga cikin gumakansu, ya yi dara da farin wata ya ci wani ɓangare na haskensa, ya haɗa kwana biyar da shi. A cikinsu aka haifi Osiris, Horus, Set, Isis da Neftis, ɗaya bayan ɗaya. Ta ukun, ranar Set, ita ce mafi muni, har Plutarch ya ce sarakuna ba sa zaman fada a ranar. Duka biyar ɗin dai kwanakin fargaba ne. Sun yi imani cewa a lokacin ne Sekhmet ke sakin manzanninta da kibau, su bi gari suna harbin mutane da cuta. Sai a zana gumaka a tsinken ƙyallen lilin, a yi tofi, a ɗaura a wuya har shekara ta kama.

Malamin labarin ƙasa ba zai ji wannan bai yi lissafi ba. A asalin tsarin, ƙarshen shekara yana faɗowa ne gab da zuwan sabon ruwa, lokacin da kogi ya ja baya iyakar ja, ruwa ya kwanta ya yi wari, zafi ya kai maƙura, rumbu ya kusa ƙarewa. Cuta kuwa a irin wannan lokacin take yawo. Sun lura da gaskiya, sai dai sun ba ta fuskar zakanya. Fir'auna Amenhotep na uku ya sa an sassaƙa gumakan Sekhmet ɗaruruwa, masana suna kiyasin sun kai 730, wato biyu ga kowace ranar shekara, don kada a wayi gari ko ɗaya ba a lallashe ta ba. Sarkin da ya fi kowa dukiya a zamaninsa ke nan, kuma ga inda tsoro ya kai shi.

Da dare muka hau saman masaukinmu. Iska ta lafa, sama ta washe. Can kudu ga tauraron da ya fi kowane haske, Shi'ira, wanda Alƙur'ani ya ambata a Suratun Najmi cewa Allah ne Ubangijinsa. Su suna kiran sa Sopdet. A zamaninsu yakan ɓace kimanin kwana 70, sannan ya sake ɓullowa da asuba a cikin watan Yuli, daidai lokacin da ruwa ke tasowa. Wannan ce sabuwar shekararsu ta asali. Sai dai shekarar kwana 365 cif ce, ba sa ƙara kwana ɗaya duk shekara huɗu, don haka kalandar tana zamewa a hankali. Sai a wayi gari watan cikowa ya faɗo tsakiyar rani, kuma sai bayan shekara 1,460 lissafin takarda da na tauraro ke sake haɗuwa. Sun san da haka sarai, suka bar shi. A 238 kafin Miladiyya Sarki Batlimus na uku ya ba da doka a riƙa ƙara kwanan, ba a bi ba, sai da Rumawa suka zo zamanin Augustus aka tabbatar da shi. Wannan gyararren lissafin ne Ƙibɗawa suka gada. Shekararsu galibi tana kamawa 11 ga Satumba, kuma kwanaki biyar ɗin suna nan, suna kiran su Nasi, ƙaramin wata.

Jagoran ya nuna mana wani tauraro can arewa maso yamma, Ra'asul Gul, wanda haskensa ke dusashewa ya dawo duk bayan kwana uku ba kaɗan. Ya ce wasu masu bincike a Jami'ar Helsinki sun zuba kwanakin Kalandar Alƙahira a kwamfuta, suka ce sun ga kwanaki masu kyau suna maimaituwa duk kwana 29.6, wato zagayen wata, da kuma duk kwana 2.85, wanda suka danganta da wannan tauraron. Maganar tauraron akwai masanan da ba su gamsu da ita ba.

Da safe muka shiga jirgin fito muka haye yamma. Madinat Habu, gidan bautar Ramsis na uku, shi ne wurin da na fi daɗewa. A bangon kudu ta waje akwai rubutu layi-layi daga sama har ƙasa, sama da layi 1,400, kuma duk kalandar bukukuwa ce. Na zaci addu'o'i ne. Ashe lissafin ma'aji ne. Bikin kaza, rana kaza: burodi kaza, tulun giya kaza, shanu kaza, tsuntsaye kaza, hatsin da za a auna daga rumbu buhu kaza. Akwai na kullum, akwai na tsayuwar wata da cikarsa, akwai na shekara-shekara. A bikin Opet kaɗai an lissafa burodi fiye da 11,000 da tulun giya 385. Gunki ba ya cin burodi. Bayan an ajiye a gabansa sai a kwashe a raba wa masu hidima da ma'aikata, a manyan bukukuwa har jama'ar gari su samu. Na tsaya a gindin bangon, rana na dukan ƙeyata, ina tunanin talakan da ke lissafin saura kwana nawa ya ci nama.

Opet shi ne babban bikin wannan birni. A wata na biyu na cikowa ake yin sa, lokacin da gonaki ke ƙarƙashin ruwa babu aikin yi. Sai a fito da gumakan Amun da matarsa Mut da ɗansu Khonsu daga Karnak, kowanne cikin ƙaramin jirgi mai ado da zinariya, masu hidima su saɓa a kafaɗa, a kai su gidan bautar Luksor, tafiyar kusan kilomita uku, wani zamanin ta ƙasa wani zamanin ta kogi. Zamanin Tutmos na uku kwana 11 ake yi, kafin ƙarshen zamanin Ramsis na uku ya kai 27. Daga sunan bikin ne watan Baba ya samo sunansa. Haka Ba'una, daga bikin kwari ne, lokacin da ake haye da Amun zuwa yamma, iyalai su tafi kaburburan iyayensu da furanni da abinci su kwana can. Tut daga Tot, Hatur daga Hathor, Bashans daga Khonsu.

Ɗan ƙanwata ne ya tuna mini da abin da ya kamata in fara tunawa. Ya ce, "Kawu, ai a Suratu Ɗaha, da Fir'auna ya ce a sa ranar haɗuwa da masu sihiri, Annabi Musa (AS) cewa ya yi ranar ado, kuma a tara mutane da hantsi." Na sha karanta ayar, amma sai a gindin wannan bango na ji nauyinta. Ƙasa ce da ranar biki ke fito da kowa waje, sarki da talaka. Ranar da ba wanda zai ce bai gani ba, ita ya zaɓa.

Daga nan muka wuce Dairul Madina, ƙauyen ma'aikatan da suka haƙa kaburburan sarakuna suka yi musu zane. Yana cikin wani kwari tsakanin duwatsu, babu ko tsiro. Gidaje kimanin 70 ne manne da juna, ganuwa ta kewaye su, lungu ɗaya ya ratsa tsakiya. Bangayen sun rage iya ƙugu, kana iya ganin ɗakin shiga, ɗakin zama, matakalar hawa soro, da madafa a baya. Mutanen nan da yawansu sun iya rubutu, kuma sun bar dubban tsingaro da ɓallin farin dutse da suka yi rubutu a kai: bashi, ƙara, wasiƙa, rabon hatsi.

Tambayar da na taho da ita tun daga Alƙahira a nan na yi ta. Na ce, to su waɗannan, idan rana ta zo da ja uku, zama suke a gida?

Jagoran ya ce akwai wani ɓallin dutse daga ƙauyen nan, yana Landan yanzu, rajistar fashin aiki ce ta shekara ta 40 ta mulkin Ramsis na biyu. Sunaye arba'in, kowanne da ranakun da bai zo ba da dalili. Wane ba shi da lafiya. Wane kunama ta harbe shi. Wane yana dafa giya. Wane yana yi wa mahaifiyarsa sutura. Wane yana hadaya ga abin bautarsa. Wane ciwon ido. Ya ce masana sun gwada ranakun da aka yi ayyuka a irin waɗannan takardu da hukuncin kalandar, ba su ga alamar cewa jar tawada na tsayar da aiki ba. Hutunsu na ƙa'ida kwana biyu ne a ƙarshen kowane kwana goma, sai ranakun biki. Abin da ya taɓa sa su ajiye kayan aiki gaba ɗaya shi ne jinkirin hatsin albashi, a shekara ta 29 ta Ramsis na uku, lokacin da suka fita suka zauna a bayan gidajen bauta suna cewa yunwa muke ji.

Wannan amsa ta kwanta mini, domin haka na san mutane. Kakata ma da ke hana tafiya ranar Larabgana, shekarar da aka aiko cewa 'yarta na naƙuda a wani gari a ranar, mayafinta kawai ta ɗauka ta nufi tasha.

Bikin da mutanen ƙauyen suka fi ji da shi na Amenhotep na ɗaya ne, sarkin da suke ɗauka a matsayin majiɓincin ƙauyensu. Sukan ɗauko gunkinsa su zagaya da shi, su yi kwanaki suna sha da iyalansu. Daga wannan bikin watan Baramhat ya sami suna. A hanyar komawa bakin kogi muka tsaya gun wani manomi yana yankan barsim da lauje. Ɗan ƙanwata ya gaishe shi ya tambaye shi wane wata ke bin Amshir. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Baramhat, je ka gona ka kwaso." Na tambaye shi ko ya san ma'anar sunan. Ya ce suna ne kawai, haka ya ji a bakin kakansa. Tun da aka gama madatsar ruwan Aswan a 1970 kogi bai sake malale gonar nan ba, amma da waɗannan watannin yake shuka, da su yake ba ruwa. Tsakaninsa da ƙauyen da aka yi bikin bai fi tafiyar rabin awa a ƙafa ba.

Mun yi sa'a kwanakinmu na ƙarshe sun dace da tsakiyar Sha'aban, lokacin maulidin Shehu Abul Hajjaj. Masallacinsa yana cikin gidan bautar Luksor, a zaune bisa ginshiƙan Ramsis na biyu, domin lokacin da aka gina shi ƙasa ta binne tsohon ginin. Da aka tone, sai tsohuwar ƙofar masallacin ta koma can sama tana kallon sarari. Shehin ya rasu a ƙarni na 13, kuma har yau mutanen Luksor nasu ne. Na yi sallar Magariba a ciki, kusa da wani ginshiƙi mai rubutun fir'aunoni.

Daren ba a yi barci ba. Tantuna ko'ina, ana zikiri, ana rabon abinci, masu algaita na busa, dattawa cikin manyan riguna suna wasan sanda da suke kira tahtib, bi da bi, cikin natsuwa kamar rawa. Da rana ta yi sai aka fito zagaye. Raƙuma da ado, dawaki, motocin masu sana'a kowa da kayan aikinsa, yara a kafaɗun iyayensu, mata na guɗa daga saman benaye suna watso alewa da gyaɗa. Sai na ji ihu ya ƙaru daga baya. Ɗan ƙanwata ya riƙe hannuna ya ce, "Kawu, duba."

Jirgin ruwa ne a kan titi. An ɗora shi bisa amalanke, an yi masa fenti, an kafa masa tutoci, yara sun cika shi maƙil, samari na jan sa da igiya. Wani na biye da shi.

Kwana biyu kafin nan na tsaya a doguwar rumfar ginshiƙai ta cikin gidan bautar, 'yan taku kaɗan daga masallacin, inda masassaƙan zamanin Tutankhamun suka zana bikin Opet a bango: jirage, mutane a gaɓa suna jan igiya, makaɗa, masu rawa suna lanƙwasa baya, mahauta na yanka shanu. Masana da yawa suna ganin jiragen maulidin gadon wancan ne. Na tambayi wani dattijo da ke tsaye kusa da ni, mai rawani fari da carbi a hannu. Ya ce jirgin Shehu ne, don tunawa da tafiyarsa, ba ruwansu da Fir'auna. Ban yi masa musu ba, domin ba don Amun ya fito ba, kuma ya fi ni sanin abin da ke zuciyarsa. Ya ɗebo gyaɗa daga aljihu ya zuba mini a tafi, ya ce, "Kullu sana wa inta ɗayyib, ya Hajji," ya kutsa cikin taron ya kama igiyar shi ma.